Daminar da Nonona Ya Ƙafe

Daminar bana ta zo wa Sokode da ƙarfinta. Ruwa yake zuba ba ji ba gani, 'yan zem, masu baburan hayar nan masu gudun tsiya, sun koma lallaɓawa, kwatar bayan gidanmu ta cika ta shigo har bakin murhu. Jiya da hantsi ina zaune a rumfa ina jiran ya tsagaita in ɗora kaskon ƙosai, sai rediyon mai shagon kusa da ni ya soma karanto ƙididdigar masu ciwon sida, wato ƙanjamau, a ƙasar nan, yanki kaza mutum kaza, mata kaza, yara kaza. Mai shago ya ce Allah Ya kyauta, ya murɗa zuwa waƙa. Ni kuwa warin jiƙaƙƙen gawayi da muryar nan mai karanta lissafi suka haɗu suka ɗauke ni suka ajiye a Dapaong, shekara ashirin baya ko kusa da haka, daminar da na haifi Bashir.

A zangon Dapaong muke zaune lokacin, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Maigidana Idi, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu ya dawo da gishiri da siminti. Mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, tana tare da mu, kuma ita ce hukumar gidan ko da yake ba ita ta gina shi ba. Ɗakin da ke jikin nawa na Sani mahauci ne da matarsa Mariyama. Mariyama 'yar ƙabilar Moba ce daga wani ƙauye wajen Bombuwaka, ta musulunta ta auri Sani. Hausarta ta zango ce zalla, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, kuma ina tsokanarta a kan haka har ta jefe ni da ludayi.

Tare muka yi ciki, tare muke zuwa awo. Zafin bazarar Dapaong ba sai an ba wanda ya san shi labari ba. Mukan fita da sassafe, kafin mu isa asibiti zufa ta jiƙa zane, mu zauna a benci a ƙarƙashin dalbejiya muna fifita da katin awo. A wani zuwa aka ɗebi jininmu duka, mata sun cika layi. Da muka fito sai muka ga ana saka wani akwatin ƙanƙara a mota, wata a cikinmu ta ce ai jininmu ne za a kai Lome a duba sida. Kafin la'asar duk zango ya ji.

To mu a zango muna da ƙa'idarmu, mugun labari ne ke da ƙafa. In an yi rasuwa za a aiko. In ɗanka ya yi ɓarna a makaranta za a aiko. Ba a taɓa tashin mutum takanas ya zo ya ce maka lafiya lau ba. Saboda haka muka zauna jiran aike, kowace in ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ba a kira kowa ba. Shi ke nan, muka wanke kanmu da kanmu. Inna har gori take yi wa maƙwabta, tana cewa matan gidanta an kai jininsu har Lome an dawo ba a sami komai ba. Ba wanda ya tambaye ta wa ya dawo da shi.

Mariyama ta riga ni sauka, ta sami mace, Hawwa. Ni na haihu damina ta kankama. Ranar suna ma a cikin ruwa aka yanka rago.

Ruwan shekarar ba irin wanda manomi ke roƙo ba ne. Ya sauka ya ƙi ɗaukewa. Geron fari da ake jira ya fitar da mutane daga yunwa ya ruɓe a tsaye, gyaɗa ta tsira a cikin ƙasa, katangun laka suna zubewa sai ka ji rim a unguwa, a fita da gudu a duba ko akwai mutum a ƙasa. Aka ce hanya ta yanke wajen Mango, motoci sun yi layi a can hayin kogi, kuma Idi yana cikinsu. Hatsi ya ɓace a kasuwa. Wanda ke da shi ya ɓoye, wanda ba shi da shi ya yi ta zagaya rumfuna da kwano a hannu. Sani ya daina samun abin yankawa don Fulani sun kasa ƙetaro da dabbobi.

Gidanmu muka koma tukunya ɗaya. Da safe kowace ta kawo ɗan abin da ya rage mata a zuba a ƙwaryar Inna, ita ke aunawa, kuma ba mai musu da awonta. Masu ƙarfi su tafi bayan gari su yago tafasa da rama, wasu su tsaya fama da icen da ya sha ruwa, ana hurawa ana hawaye. Koko da safe, tsararo, kana ganin gindin kwano. Da yamma tuwon dawa ɗan mitsitsi a cikin miyar ganye mai yawa. Tsummokaran jarirai ba sa bushewa, sai mu shanya su a igiya bisa murhu, duk ɗaki warin hayaƙi da fumfuna. Sauro kuwa ya samu gari.

Ban yi arba'in ba zazzaɓi ya kwantar da ni. Ban san inda kaina yake ba na ɗan lokaci, da na farfaɗo kuma nono ya ƙafe ƙaf. Bashir ya kama ya tsotsa ya saki ya tsala ihu, ya sake kamawa. Kukan nan har yau in na ji irinsa a maƙwabta sai na tashi tsaye. Madarar gwangwani babu ita a gari, in ma akwai, ruwan rijiyarmu ya zama jajawur, ba mai haɗa wa jariri abinci da shi.

Akwai wata mata a gidan baya mai nono har yana zuba, ta aiko cewa a kawo yaron. Inna ta ce a'a. "Waccan a ɗaki ta haihu, ko awo ba ta taɓa zuwa ba. Wa ya duba jininta? A ba Mariyama, ita an tantance ta." Aka kira liman ya tsaya a zaure ya shaida cewa daga yau Bashir da Hawwa wa da ƙanwa ne ta wajen nono, babu aure a tsakaninsu har abada. Mariyama ta karɓe shi tana dariya ta ce, "Zulai, ɗanka ya fi ka ci." Ta sa Hawwa a dama, Bashir a hagu. Yaro ya yi shiru a karon farko, ni kuma na juya fuska bango na yi kuka, rabi godiya rabi kishi.

Haka aka tafi har azumi ya kama a ƙarshen damina. Ruwa ya ragu, sai wani zafi mai ɗanko ya maye gurbinsa, ƙasa tana turiri, riga tana manne wa baya. Buɗe-baki koko ne da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Liman ya faɗa a fili cewa mai shayarwa tana da rangwame, amma Mariyama ta ɗauki azumi. Na yi mata faɗa, ta ce, "In na sha, za su ce ɗan Moba bai iya addini ba." Na san waɗanda take nufi, kuma ba ƙarya ta yi musu ba.

Jarirai biyu, cikin da ba komai, ga azumi. Mariyama ta soma zubewa a gaban idonmu. Ƙashin wuyanta ya fito, zanenta ya koma zagaye biyu, ga wani busasshen tari. A daidai kwanakin nan ne rediyo ya karanto ƙididdigar sida ta shekara, har da yankinmu. Ina tsugune ina wanke-wanke na ji, na ce Allah Ya shirye su, na ci gaba da cuɗa tukunya. Inna kuwa ta riƙe maganar. Ta ce, "Waɗannan da ake ƙirgawa ai ba a sama suke ba, a cikin mutane suke." Ta faɗa tana kallon ƙofar Mariyama.

Washegari Inna ta je da kanta ta ɗauko Bashir. Ta dama mini kunun kanwa, ta jiƙa wasu sassaƙe masu ɗacin bala'i, ta ce in yi ta sa shi a nono ko ba komai, zai zo. Ya kuwa zo. Ranar da na ji ƙirjina ya yi nauyi na ga fari a bakin yaron, na yi murnar da ban yi ba ranar haihuwa. Amma murnar ba ta zauna ba, domin in na dubi Bashir sai in tuna watannin da ya yi yana shan nonon matar da yanzu ake ware wa kofi. Tsoro ya hana ni cin ɗan abin da ake samu.

Mariyama ce ta yanke abin. Ta tsaya a ƙofata da Hawwa a baya ta ce, "Zulai, tashi ka goya shi. Mu tafi lopital inda muke awo. Su faɗi abin da suka gani a jinina, in zo in faɗa wa Inna a gaban kowa."

Ungozomar da ke yi mana awo, wadda muke kira Madan, 'yar kudu ce mai jin Hausa sama-sama. Ta saurare mu har muka gama, sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Wane sakamako kuke nema?"

Na ce, "Na jinin da kuka kai Lome da bazara."

"Wannan ba shi da sakamakon da za a ba mutum."

Na ɗauka ban ji da kyau ba. Ta yi mana bayani a hankali. Jinin da aka ɗeba na gwaje-gwajen ciki ne na yau da kullum. A wasu makonni na shekara, a wasu asibitocin da aka zaɓa, akan rage kaɗan daga na kowace mace a zuba a wata kwalba, a cire suna, a bar lamba da shekarun mai shi kawai. Shi ake turawa. A can su duba, su ƙirga nawa ne ke da ciwon a cikin nawa, daga nan su kintata nauyinsa a ƙasa baki ɗaya, su san inda za a kai magani da ma'aikata. Abin da muke ji a rediyo ke nan.

"To wadda aka samu da shi fa?" in ji ni. "Wa zai gaya mata?"

"Ba wanda ya san ko wace ce. Da gangan aka yi haka, don kar asirin kowa ya tonu. Ko ni ban sani ba."

Wato duk jiran baburan nan da muka yi, ba mai zuwa tun farko. Wato wankin da muka yi wa kanmu, da gorin Inna, da matar gidan baya da aka ƙi, da zaɓen Mariyama, duk a kan shiru aka gina su, shirun da ba ya nufin komai. Na buɗe baki in yi masifa, don ni ba a bar ni a baya ba wajen wannan, amma na rasa wanda zan yi wa.

Madan ta ce akwai wani gwajin dabam, na mai so, a ɗakin baya, wanda ake gaya wa mutum nasa a ranar. Na ce a duba Mariyama, a duba yarona. Aka soki yatsarta, aka soki diddigensa, muka koma benci. Rana ta take, ƙudaje sun dame mu.

Ita aka fara kira, ita kaɗai. Ta fito tana gyara goyo ta ce, "Babu. Ya ce yunwa ne da azumi, ya ce in sha ruwa yanzu-yanzu." Na rungume ta, na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Har na soma shirya abin da zan gaya wa Inna.

Sai aka kira ni.

Madan ta rufe ƙofa ta ce gwajin Bashir ya nuna alama. Na ce ba zai yiwu ba, yanzu aka ce mai shayar da shi ba ta da komai. Ta ce in zauna. Ta ce jaririn da bai kai shekara ɗaya da rabi ba, wannan gwajin ba nasa yake nunawa ba tukuna, abin da ya ɗauko daga jinin uwar da ta haife shi yake nunawa. Mai yiwuwa ya kamu, mai yiwuwa bai kamu ba, sai ya girma za a sani.

"Zulai," in ji ta, "ke ba a duba ki ba."

Na ce, "An duba ni mana, tun da baz..."

Na miƙa yatsa. Ban ji shigar allurar ba. Da ta dawo ba ta yi kwana-kwana ba, ta faɗa mini, kuma na gode mata da hakan daga baya, ba a ranar ba. A ranar kunnuwana ne suka toshe. Ina ganin bakinta yana motsi, ina kallon wata tsaga a bango, abin da kawai ke juyawa a kaina shi ne, ashe tun bazara wani a Lome ya ɗaga kwalbar jinina ya gani, ya rubuta, ya ƙara ni a lissafi ya wuce ta gaba. Ya san abin da ke jikina, bai san ni ba. Ashe ranar da nake cuɗa tukunya ina cewa Allah Ya shirye su, ni ake karantowa.

Abin da ya dawo da ni shi ne Bashir ya motsa a baya yana neman nono, hannuna ya tafi kwance goyo da kansa. Madan ta riƙe hannun. Ta tambaye ni tun yaushe na koma ba shi, na faɗa mata. Sannan ta ce zazzaɓin da ya ƙafar da nonona wataƙila shi ne babban gatan da yaron nan ya samu, kuma daga yanzu kar in ƙara. A lokacin babu maganin da ake ba mai shayarwa ta sha ta ci gaba da ba ɗanta kamar yadda ake yi yau. Ta ce ko na yarda a kira abokiyar tawa? Na gyaɗa kai.

Mariyama ta shigo, aka gaya mata a gabana. Madan ba ta ɓoye mata komai ba, ta ce idan yaron ya riga ya kamu, akwai ɗan haɗari ga mai ba shi nono, ta yi tunani tukuna. Bashir yana ta ihu, rigata ta jiƙe da nonon da na sha ɗaci kafin in samu. Matar da aka ware wa kofi saboda ni ta dube ni, ta dubi yaron. Ta juyo da Hawwa gefe, ta zauna a ƙasa ta miƙo hannu.

"Kawo shi. Tunani sai ya ƙoshi."

Da muka koma gida Mariyama ce ta yi magana. Ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Inna an duba ta da sunanta, ba ta da komai, wanda bai yarda ba ya je ya tambaya. Sannan ta ƙara da cewa Madan ta ce zazzaɓi ya ɓata nonon Zulai, kar a kuskura a sake ba yaro. Ta ɗauki kofin da kowa ke sha ta kamfaci ruwa ta shanye da rana tsaka, azumi ko ba azumi ba. Da yamma na ga Inna ta ƙara mata tuwo daga nata rabon.

Sauran watannin ban cika son tuna su ba. Na ɗaure ƙirji da zane har nonon ya koma, ina jin yarona yana haɗiya ta bayan bango. Hanya ta buɗe, Idi ya dawo, na gaya masa, ya je aka duba shi, shi ma haka. Ba mu tsaya binciken wa ya kawo wa wani ba, ba mu da ƙarfin wannan. Kaka ta zo da ɗan abin da ruwa ya bari, Mariyama ta mayar da jikinta a hankali, ta shayar da su biyun har yaye. Bayan nan muka tattara muka dawo Sokode, inda ya fi mana sauƙin karɓar magani ba tare da ido ya yi mana yawa ba. Yanzu matan unguwarmu in sun je awo, kafin su gama ɗaura zane an gaya wa kowace nata, su dawo suna ƙorafin layi ya yi tsawo. Ina jin su, ina juya ƙosaina.

A nan Sokode Bashir ya cika shekara ɗaya da rabi. Na goya shi na kai shi ni kaɗai, Idi yana hanya. Ya riga ya iya gudu, sai da mutum biyu suka riƙe shi kafin a soki yatsarsa, ya kuma ciji ɗaya. Da ma'aikaciyar ta ce babu komai, na ce ta sake dubawa. Ta sake, ta ce babu, ɗanki lafiyarsa ƙalau. Na zauna a dandamalin asibiti na yi kukan da na daɗe ina bin kaina bashinsa.

Daga can ban nufi gida ba, tasha na wuce, don a lokacin ba kowa ke da waya ba. Na sami wani direban Dapaong da ya san gidanmu na zango, yana ɗaure kaya a saman mota. Na ce in ya isa ya nemi Mariyama matar Sani mahauci, ya ce mata an duba ɗanta, lafiya lau.

Ya leƙo daga saman motar ya dubi Bashir a bayana. "Ɗanta ko ɗanki, Hajiya?"

Na ce, "Ka faɗa mata yadda na faɗa maka."